Dubu Ɗari a Ciki, Goma a Garke

Farar saniyar nan Bunaji, wadda ta fi kowace yawa a rugagen ƙasar Zazzau, ko ta yi tsawon rai ta kuma samu kiwo mai kyau, da wuya ta wuce haihuwa goma. Amma ran da aka haife ta, tun ba ta miƙe ta kama nono ba, akwai ƙwayayen haihuwa a cikinta da yawansu kan haura dubu ɗari, kuma daga ranar ba a ƙara mata ko guda. A cire goman da suka zama maruƙa, a cire 'yan gomiya da suka fito ba su gamu da maniyyin bijimi ba, to sauran fa? Ba fitsari ke tafiya da su ba, ba kuma cuta ke cinye su ba. A inda suke nan suke mutuwa, kuma jikin saniyar da kansa ke tsara mutuwar, da lokacinta da hanyarta. Haka abin yake ga jar akuyar da aka turke a tsakar gida a Jushi, da tunkiya 'Yankasa, da zomo, da 'ya mace: fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayayen da aka ajiye ba sa kaiwa ga fitowa. Masana na kiran lalacewar jakar ƙwai atiresiya, hanyar da ƙwayoyin halitta ke bi su kashe kansu kuwa afoftosis.

Mai son ganin abin da idonsa sai ya yi sammako zuwa kwatar Zango kusa da Samaru, inda masu bincike daga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello suka saba ɗibar abin gwaji. Idan mahauci ya zaro mahaifar saniya, za a ga ta rabu reshe biyu, kusa da ƙarshen kowane reshe kuma akwai ɗan curin nama mai tauri, tsawonsa wajen santimita 3. Ma'ajiyar ƙwai ke nan. A ɗaga ta a rana, za a ga 'yan kumbure-kumbure masu ruwa a jikinta, wasu milimita 2 ko 3, wataƙila guda ɗaya ya haura milimita 10. Kowane kumburi jaka ce, a cikin kowace jaka ƙwai ɗaya ne tak, ƙanƙane ƙwarai, bai cika wuce kashi ɗaya cikin takwas na milimita ba. Bangon jakar daga ciki a shimfiɗe yake da ƙwayoyin halitta da ake kira giranulosa, su ke ciyar da ƙwan, su ke reno. Daga waje akwai wani layin mai suna tika, ta nan jijiyoyin jini ke bi. Idan aka ɓanɓaro jakunkunan aka jera su, lafiyayya takan yi garau, ana hango siraran jijiyoyi ja a jikinta, wadda ta kama hanyar mutuwa kuwa takan yi dishi-dishi, launinta ya koma toka-toka, ruwanta ya gurɓace da ɓarɓashi. A kowace rana aka duba, fiye da rabin masu ruwan nan na kashi na biyu ne, alhali saniyar lafiyarta ƙalau.

Wani likita ɗan ƙasar Holand, Regnier de Graaf, ya bayyana waɗannan jakunkuna a 1672, ya ɗauka su ne ƙwan. Sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya gano ainihin ƙwan a cikinsu, a jikin karya.

Asarar farko, wadda ta fi kowace girma, tun a cikin mahaifa take faruwa. A ɗan Adam, tayin mace mai mako 20 yana ɗauke da ƙwayaye kusan miliyan 7. Kafin a haife ta sun koma miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta fara al'ada, saura dubu 300 zuwa 400. Daga cikinsu, waɗanda za su fito a tsawon shekarun haihuwarta ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Tayin saniya ma haka: wajen kwana na 110 da shigar ciki yawan ya haura miliyan 2, sannan ya rikito. Me ya sa? A lokacin ne kowane ƙwai ke fara raba zaren gadonsa na DNA gida biyu, aikin da sai an tsinka zaren an sake ƙullawa. Wanda bai ƙullu daidai ba, akwai wani furotin mai suna p63 da ke gadin wannan, shi ke ba da umarnin a kawar da shi. Wanda kuma bai samu ƙwayoyin giranulosa sun lulluɓe shi ba, shi ma ba ya ɗorewa. A wannan mataki ƙwan kansa ne ke fara mutuwa. A matakan gaba abin zai juya.

Waɗanda suka tsira sai su kwanta barci, kowane a cikin 'yar ƙaramar jakar da ido ba ya gani. Kullum 'yan kaɗan na farkawa su fara girma, kuma duk wadda ta farka ba ta komawa: ko ta fito ko ta mutu. Wannan farkawar ba ta jiran balaga, ciki ba ya tsayar da ita, shayarwa ma haka. Daga nan za a gane cewa maganar da ake yawan yi, wai ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ƙarar da ƙwan mace, ko kuma suna adana mata shi, duka biyun ba su da tushe. Abin da maganin ke hanawa shi ne matakin ƙarshe, fitar ƙwai ɗaya, asarar yau da kullum kuwa tana nan tana tafiya yadda take.

Jakar da ta farka takan yi watanni tana girma sannu a hankali kafin ta tara ruwa. Da zarar ta kai wajen milimita 4 a saniya, rayuwarta ta koma hannun wani homon, wato sinadarin saƙo da ke yawo a jini, mai suna FSH, wanda wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa. A nan ne jigon maganar yake, don haka a bi ta a hankali.

FSH ya ɗan ƙaru a jini, sai ayarin jakunkuna, goma ko ashirin ko fiye, su tashi tare. Kwana biyu zuwa uku suna girma kusan kafaɗa da kafaɗa. Suna girman suna zuba wasu sinadarai biyu a jini, inhibin da istirojin, saƙon da waɗannan ke kaiwa ƙwaƙwalwa kuwa shi ne a rage FSH. Wato ayarin da kansa ke toshe abin da yake rayuwa a kai. FSH na yin ƙasa, sai wadda ta ɗan riga sauran, ko da da sa'o'i ne, ta riga ta yi wa kanta tanadi iri biyu. Ƙwayoyin giranulosarta sun fitar da makarɓan wani homon na biyu, LH, ta yadda za ta iya rayuwa da shi. Ta kuma fara narkar da furotin ɗin da ke ɗaure sinadarin girma IGF-1 a cikin ruwanta, sai ya sake, ya ƙara mata kaifin jin ɗan FSH ɗin da ya rage. Ita ta haye, sauran kuwa da ba su kai ga wannan ba, giranulosarsu ta fara mutuwa, ƙwan ya biyo baya. A shanun madara na Turai ana ganin rabuwar hanyar idan babbar ta kai wajen milimita 8.5, a shanu masu tozo irin namu kuwa tun tana wajen milimita 6.

Manomi ya san irin wannan: yakan zuba gero da yawa a rami ɗaya, in ya tsiro ya rage, ya bar masu ƙarfi. Sai dai kwatancin ya tsaya a nan, don kuwa a ma'ajiyar ƙwai ba mai zuwa daga waje ya zaɓa, kuma waɗanda suka faɗi ba lallai ne suna da wani aibu ba. An gwada: idan aka sa allura aka tsotse babbar da wuri, FSH ya sake tashi, mai bi mata ta ɗauki matsayinta. Idan kuma aka yi wa saniya allurar FSH na 'yan kwanaki, jakunkuna da yawa da ke bakin mutuwa sai su tsira su fashe tare, a kwashe 'yan tayin a dasa wa wasu shanun, a haifi maruƙa lafiyayyu. Ashe abin da ya kashe su a da ba lalacewa ba ce, makara ce. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta a riƙe: jaka mai ruwa ba ta jiran a zo a kashe ta, shirin mutuwarta a ɗane yake kullum, saƙon da ke zuwa ta jini ne ke danne shi. In saƙon ya yanke, shi ke nan.

Ita ma wadda ta haye ba ta tsira ba tukuna. Zagayen neman barbara a saniya kwana 21 ne, a cikinsa kuma ayari biyu ko uku ke tashi. Bayan fitar ƙwai, gurbin jakar da ta fashe yakan cike ya zama wani rawayan ƙulli, ana ganinsa ƙuru-ƙuru a kwata idan aka tsaga ma'ajiyar. Aikinsa fitar da furojestaron, homon mai riƙe ciki, wanda ke hana LH yawan fita. Don haka babbar jakar ayarin farko takan girma, ta tsaya tana jira na 'yan kwanaki, LH bai ishe ta ba, ita ma ta lalace. Wajen kwana na 17, idan ba ciki, mahaifa ta saki furostagilandin, rawayan ƙullin ya narke, shi ma ta hanyar afoftosis. Babbar jakar da ta dace da wannan lokaci ita ce mai rabo: istirojin ɗinta ya hau, saniya ta fara kuka da hawan 'yan uwanta, LH ya kwararo, jakar ta fashe. Wani masani a Finland, Rajakoski, ya faɗi batun ayarin nan tun 1960 daga abin da ya gani a ma'ajiyoyin shanun yanka, amma aka yi ta gardama a kai har ƙarshen shekarun 1980, lokacin da na'urar sikanin ta ba da damar bin jaka ɗaya kullum a jikin saniya mai rai.

Yanzu a shiga cikin ƙwayar giranulosa guda. A cikinta akwai maitokondiriya, 'yan sassan da ke samar mata da kuzari. A jikin fatarsu rukunin furotin biyu ke ja-in-ja: ɓangaren Bcl-2 na kare fatar, ɓangaren Bax na neman huda ta. Muddin FSH da IGF-1 da istirojin na isowa, masu karewa ke da rinjaye. In sun ɗauke, Bax ya taru ya huda, wani sinadari mai suna saitokurom c ya zubo. Zubowarsa ke tayar da wani inzayim, kasfes 9, shi kuma ya tayar da kasfes 3, wanda ke bin ginshiƙan ƙwayar yana datsewa, ya kuma kwance wani inzayim da ke yanyanka DNA. Akwai hanya ta biyu daga waje, ta wani makarɓi mai suna Fas da ke kan fatar ƙwayar, amma ita ma a kasfes 3 take ɓullewa. Abin da ake gani a madubin ƙara girma shi ne ƙwayar ta tsuke ta janye daga maƙwabtanta, cibiyarta ta dunƙule ta yi duhu, sannan ta kakkarye zuwa 'yan ƙunshi, kowane a rufe cikin fatarsa. A bayan fatar sai wani maiƙo da a da yake fuskantar ciki ya juyo waje, wannan ce alamar da maƙwabta da ƙwayoyin share datti na jini ke gani su haɗiye ta. Cikin 'yan sa'o'i babu ita.

Amfanin wannan tsari yana bayyana idan aka tuna da mutuwar ƙwayoyi ta rauni ko ƙuna, inda ƙwayar ke kumbura ta fashe, abin cikinta ya watse, wurin ya yi ja ya yi zafi, daga baya ya bar tabo. Da dubban ɗaruruwan jakunkuna ta haka suke mutuwa, da ma'ajiyar ƙwai ta zama tabo zalla tun kafin karsana ta isa barbara.

Abin sha'awa, a wannan gaɓa ta jiki aka fara zana hoton irin wannan mutuwa da kyau. A 1885 Walther Flemming na jami'ar Kiel a Jamus ya duba jakunkunan ƙwan zomo, ya zana cibiyoyin da suka dunƙule suka kakkarye, ya ce wannan aikin jiki ne na yau da kullum. Ba a ba maganar muhimmanci ba sai 1972, da Kerr da Wyllie da Currie a Aberdeen ta Sikotland suka nuna cewa tsari ɗaya ne a gaɓoɓi iri-iri. A 1991 masu bincike a Amurka suka ciro DNA daga giranulosar jakunkunan ɓera da alade da kaza masu lalacewa, suka same shi a yanke gunduwa-gunduwa da awo ɗaya, ninkin haruffan DNA wajen 180, wanda shi ne tambarin afoftosis. Su kuwa ƙwayoyin gadon da ke tuƙa aikin, a jikin wata 'yar tsutsa aka fara gano su, wadda ke yin ƙwayoyin halitta 1,090, a kashe 131 daga ciki, kullum su ɗin dai. Wannan aiki ya ba Brenner da Sulston da Horvitz kyautar Nobel a 2002.

Me wannan zai tsinana wa mai kiwo? Da yawa. Ba wanda zai iya ƙara wa dabba ƙwai, amma matakin ƙarshe, na hayewar babbar jaka, yana jin abin da ke cikin kwano. Daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwa a Mayu, ciyawa ta bushe a ƙasar Zariya, saniya mai shayarwa ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Hanta ta rage fitar da IGF-1, ƙwaƙwalwa ta rage sakin LH, tsotson maraƙi ya ƙara danne shi. Ayari na tashi kamar kullum, babba na fita daga ciki, amma ba ta kaiwa ga fashewa, sai ta lalace, wani ayarin ya taso, shi ma haka, wata da watanni. Shi ya sa a garken makiyaya ba abin mamaki ba ne saniya ta yi shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Zafin bazara na ƙara nasa: babbar jaka ba ta fitar da isasshen istirojin, alamar neman barbara ta yi rauni har mai ita bai lura ba, abin kuma ya fi tsanani ga shanun da ke da jinin Turai. Irin wannan saniya ake yanke wa hukuncin juya a kai ta kara, alhali ma'ajiyarta cike take. Likitan dabbobi da ya sa hannu ta dubura ya ji ma'ajiyoyin ƙanana sumul, ba rawayan ƙulli, abin da ya kamata ya fara rubutawa harawa ce da dusa da angurya da gishirin lasa, kafin a zo maganar allura.

A cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika, wadda ta faro a matsayin gonar kiwo a 1928 ta zama cibiya a 1976, an daɗe ana aikin barbarar hannu da haɗa Bunaji da shanun Firisiya. Duk allurar da ake yi don shanu su zo neman barbara rana ɗaya, a kan wannan lissafi take: a narkar da rawayan ƙulli a lokacin da akwai babbar jaka mai ƙuruciya, ba wadda ta riga ta fara lalacewa ba.

Akuya da tunkiya ƙofarsu ta fi ta saniya faɗi, jaka biyu ko uku kan haye tare, shi ya sa tagwaye ba baƙon abu ba ne ga jar akuya. Ƙara musu abinci mai kyau mako biyu zuwa uku kafin a sakar musu bunsuru ko rago yana ƙara yawan masu hayewa, musamman ga wadda ta ɗan rame. Gado ma na da hannu: a Ostareliya an samu tumakin Booroola, waɗanda sauyi a ƙwayar gado guda ke sa jakunkunansu nuna tun suna ƙanana, su haye da yawa.

A wajen mata, asarar na ƙara sauri daga ƙarshen shekaru talatin da wani abu, idan saura wajen dubu ɗaya, galibi a kusa da shekara 50, al'ada ta ɗauke. Amma ba duk rashin haihuwa ne ƙarewar ƙwai ba. Akwai larurar da ake kira PCOS, inda sikanin ke nuna ƙananan jakunkuna birjik, ba wadda ta isa ta haye, al'ada ta riƙa tsallake wata. A nan ƙwai ya yi yawa ne ma, zaɓen ne ya cije, kuma sau da yawa magani na warware shi. Gwajin jinin AMH na nuna kimanin yawan abin da ya rage, ba ya nuna ingancinsa. Dashen ciki na kwalba, wanda ya fara ba da 'ya a Ingila a 1978, dabararsa a yau ita ce ta saniya da aka ambata: allurar FSH ta ceto ayarin wata guda, wanda da ma asararsa za a yi.

Akwai kuma abubuwan da ke hanzarta kisan tun daga masu barci. Wasu sinadaran hayaƙin taba, waɗanda ke cikin hayaƙin shisha ma, an nuna a 2001 cewa suna kunna Bax a cikin ƙwan ɓera, kuma mata masu shan taba kan daina al'ada da wuri da shekara ɗaya zuwa biyu. Akasin haka, a 1999 an nuna cewa ɓeraye marasa Bax sun tsufa da ɗaruruwan jakunkuna a lokacin da na sa'o'insu suka ƙare ƙaf. Mafi tsanani shi ne wasu magungunan ciwon daji, irin su saikulofosfamaid, da gashin haske a ƙugu: suna lalata DNA, p63 ya yi aikinsa, ajiyar shekaru ta tafi cikin makonni. Yarinya ko matashiyar da za a fara wa irin wannan magani, ya dace ita ko iyayenta su tambayi likita wane iri ne, kuma me zai yi wa haihuwarta, tun kafin allurar farko. Inda akwai kayan aiki da kuɗi, akan daskarar da ƙwai, ko a yanko ɓangaren ma'ajiyar a ajiye a sanyi a mayar bayan an warke. An fara samun haihuwa ta wannan hanya ta biyu a Burasels ta ƙasar Beljiyam a 2004.